Neman likitan cututtuka masu yaɗuwa da katin inshorar gwamnati: wace ƙofa za ka bi?

Duk wanda aka ce wa ciwonsa sai ƙwararren likitan cututtuka masu yaɗuwa, kuma yana da katin inshorar lafiya na gwamnati a aljihu, tambayar da yake fara yi ita ce: wane likita ne yake karɓar wannan kati? Tambayar a karkace take. A Najeriya asibiti ne yake karɓar kati, likita aikinsa kawai yake yi a ciki, kuma ba ka isa gaban ƙwararre sai ta hannun asibitin da ka zaɓa ranar da ka yi rajista. Abin da ke gabanka ke nan zaɓen ƙofa, kuma sunan cutar da ake zargi shi ne zai fi nuna maka wadda za ka bi.

Sai an san yadda tsarin yake tafiya kafin kwatancen ya yi ma'ana. Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, ita ce ta gaji NHIS wadda ta fara aiki a 2005. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa dokarta hannu a watan Mayun 2022, dokar ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowa, duk da cewa har yanzu kusan mutum ɗaya cikin goma ne ke ciki. Ma'aikacin gwamnatin tarayya yana shiga da mace ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Mai iyali da yawa, sauran sai ya yi musu rajista da kuɗi daban. Mai sana'ar kansa yana shiga ta shirin GIFSHIP, ɗaliban manyan makarantu ta TISHIP. Jihohi kuma suna da nasu hukumomin, irin su KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna.

Asibitinka na farko, wato wanda ka zaɓa ranar rajista, ana biyan sa kuɗi tsayayye kowane wata a kan kowane mutumin da ya zaɓe shi, ko mutumin ya zo ko bai zo ba. Ganin ƙwararre kuwa mataki na biyu ne, aiki-aiki ake biya, kuma sai kamfanin da ke tsakanin hukumar da asibiti, wato HMO, ya ba da lambar izini, wadda za ka ji ma'aikatan asibiti suna kira kod. Tun Afrilun 2025 hukumar ta umarci kamfanonin su fitar da wannan lamba cikin sa'a ɗaya, mai buƙatar taimakon gaggawa kuma ba a tsayar da shi don jiran ta. Takardar turawa daga likitanka na farko, da wannan lamba, su ne kuɗin ƙofar ganin ƙwararre da katin inshora.

Abin da za a auna

Kuɗi shi ne na farko, amma a lissafa shi gaba ɗaya. A tsarin ma'aikata kana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin maganin da ke cikin jerin hukumar, manyan hotuna irin su CT da MRI kuma raba kuɗin ake yi. Abin da yake cin aljihu a wani wajen yake: kuɗin mota, kwana a garin da ba naka ba, da maganin da aka ce babu shi, je ka saya a waje.

Na biyu ɗorewa. Ciwon da ake neman irin wannan likita dominsa ba kasafai yake ƙarewa a zuwa ɗaya ba. Tarin fuka wata shida ne mafi ƙaranci, ciwon ƙashi da ƙwayar cuta ta shiga makonni ne na magani, cuta mai karya garkuwar jiki da ciwon hanta nau'in B kuwa bibiya ce ta shekaru. Wurin da fayil ɗinka zai zauna, aka riƙa samun magani ba yankewa, ya fi wurin da aka karɓe ka da fara'a rana ɗaya.

Na uku sauƙin isa: nisa, layi, da ranar da kilinik yake zama. Na huɗu haɗari, wato jinkiri, yankewar magani, ko a yi ta yi maka maganin abin da ba shi ne yake damun ka ba. Ni kuma nakan ƙara na biyar, wanda mutane suka fi mantawa da shi, ɗakin gwaje-gwaje. Ƙwarewar wannan likita rabinta a ɗakin gwaji take. In babu inda za a raini ƙwayar cuta daga jini ko fitsari ko mugunya a gane ta, a kuma gwada wane magani ne yake kashe ta, to kwansoltan, wato babban likita ƙwararre, shi ma lalube zai yi.

Asibitin koyarwa na tarayya

Nan ne gidan waɗannan likitoci. Mutum yakan ƙware a fannin cututtukan manya ko na yara, sannan ya zurfafa a cututtuka masu yaɗuwa a ƙarƙashin kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma. Ba su da yawa, kuma galibinsu a asibitocin koyarwa suke, irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Kanawa ke kira asibitin Malam, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Jos, Maiduguri, Sakkwato, Bauchi da Gwagwalada. Ɗakunan gwajin da suka fi kayan aiki su ma a nan suke, ga kuma likitocin ƙirji, na hanta, na ƙashi da na fiɗa a harabar guda, in ciwon ya buƙaci a haɗa kai.

Ta fuskar kuɗi, in ka shigo da takarda da lamba, ganin kwansoltan da gwaje-gwajen yau da kullum da kwanciya a ɗakin kowa da kowa suna cikin inshora, sai dai kwanakin kwanciya suna da iyaka a shekara. Inda lissafi yake ɓaci shi ne allurai masu tsada da ake komawa gare su idan ƙwayar cuta ta bijire wa magungunan da aka saba. Ba kullum ake samun su a ɗakin magani ba, kuma kafin ka saya a waje ka je teburin inshora ka ji matsayin kuɗinka, ka ajiye rasit.

Wahalar wannan ƙofa a shiga take. Irin wannan zance ba baƙo ba ne a tagar inshora ta kowane babban asibiti: dattijo ya taso tun asuba daga wata ƙaramar hukuma, ya miƙa kati.

"Baba, ina takardar da asibitinka suka ba ka?"

"'Yata, likitan da bakinsa ya ce in zo nan."

"To Baba sai ka koma su rubuta, su nemo maka kod. In ba haka ba sai dai ka biya kamar kowa."

Ba mugunta ta yi masa ba, ƙa'ida ce. In kuma an wuce tagar, kilinik ɗin ƙwararru rana gare shi a mako, ba kullum yake zama ba, kuma wanda zai fara duba ka yawanci likita ne mai neman ƙwarewa, shi zai gabatar da kai ga kwansoltan. Wannan bai kamata ya dame ka ba, su ne suke kwana da marasa lafiya, su suka fi sanin fayil. Abin da zai dame ka shi ne yajin aiki. Ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa da gamayyar sauran ma'aikatan lafiya sun sha tsayar da aiki a asibitocin tarayya, kuma idan ma'aikatan ɗakin gwaji da na ɗakin magani suka tafi, ganin likitan ma rabin amfani ne.

Akwai dabara guda da mazauna birni ya kamata su sani. Da yawa daga asibitocin koyarwa an tantance su a matsayin asibitin farko ma, suna da kilinik na masu inshora. Wanda ya zaɓi can tun farko, turawar tasa daga wannan ɗaki ce zuwa wancan, fayil ɗaya, ba sintiri tsakanin unguwanni. Kuɗin wannan sauƙi shi ne ko zazzaɓin cizon sauro ne ya kama yaro sai ka bi dogon layi. Ga mai ciwon da zai daɗe, cinikin ya yi. Ana iya canza asibitin farko ta ofishin hukumar ko ta HMO, amma canjin ba ya fara aiki nan take, don haka a yi shi da wuri.

Asibitocin jiha

Manyan asibitocin jiha da asibitocin cututtuka masu yaɗuwa, irin asibitin Zana da ke Kano, su ne suka fi kusa da talaka, kuma su ne gidan mai katin inshorar jiha. Ƙarfinsu yawan gani ne. Ma'aikatan da suka yi fama da kwalara damina bayan damina, da sanƙarau lokacin zafi, da ƙyanda, da mashaƙon da ya addabi Kano daga ƙarshen 2022 zuwa 2023, idonsu ya buɗe a kan waɗannan cututtuka fiye da na likitan da yake ganin su jefi-jefi. Suna da wurin killace mara lafiya, kuma kuɗinsu ko babu inshora ya fi na tarayya sauƙi.

Rauninsu a ciwon da ba a san sunansa ba yake. Zazzaɓin da ya yi wata guda, an yi maganin maleriya an maimaita, an yi na taifod an maimaita, yana buƙatar gwaji mai zurfi da kwansoltan da zai zauna ya bi tarihin ciwon daki-daki, kuma waɗannan biyun ba a kowane asibitin jiha suke ba. Sannan katin jiha yawanci a cikin jiharsa yake aiki. Ɗan kasuwar da ya yi rajista a Kano ya kwanta ciwo a Legas zai gane haka. Kafin ka dogara da katin jiha don ciwo mai nauyi, tambayi hukumar kai tsaye ko tana turawa zuwa asibitin koyarwa na tarayya, da kuma abin da take biya in an tura.

Wani abu kuma da ake yawan rikicewa a kai: jadawalin NHIS tun asali ya cire annoba daga abin da inshora ke ɗauka. Ba a yi haka don a bar mutane ba, hanyar kuɗinta ce daban. Idan annoba ta ɓarke, gwamnatin jiha da NCDC, hukumar ƙasa mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa, da ƙungiyoyin agaji su suke buɗe cibiyoyin jinya, kuma a can ba a tambayar kati.

Shirye-shiryen kyauta

Wannan ƙofa ita ce mutane suka fi tsallakewa, alhali ga cututtuka biyu ta fi duk sauran. Gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin DOTS, wato wuraren ba da maganin tarin fuka da ke ƙarƙashin shirin ƙasa na yaƙi da tarin fuka da kuturta, kuma cibiyoyin suna nan har a asibitocin ƙananan hukumomi. Wanda ya yi tari mako biyu yana kai majina, na'urar GeneXpert ta duba ta, ta faɗi ko akwai cutar, ta kuma faɗi ko ta bijire wa rifampicin, ɗaya daga cikin manyan magungunan cutar. Maganin wata shida ne, wata biyun farko haɗin magani huɗu, sauran huɗun haɗin biyu. Fitsari yakan koma ja-ja kamar ruwan lemo, kuma mutane da yawa sun tsorata da wannan sun ajiye magani, alhali launin rifampicin ne kawai. In cutar mai bijirewa ce, shirin da kansa yake tura mutum inda ƙwararru suke. Cibiyar horarwa ta ƙasa kan tarin fuka da kuturta tana Saye, kusa da Zariya. Lambar kira ta kyauta ta shirin ita ce 3340.

Maganin rage kaifin cutar HIV shi ma kyauta ne a asibitocin gwamnati tun 2006. Yanzu ƙwaya ɗaya ce a rana ga mafi yawan mutane, kuma wanda jikinsa ya daidaita ana ba shi na wata uku ko shida a lokaci guda. A manyan asibitoci, waɗannan kilinik ɗin su ne ma inda likitocin cututtuka masu yaɗuwa suke zama a kai a kai, don haka mai wannan cuta ya fi kowa sauƙin ganin su.

Haɗarin nan biyu ne. Kuɗin shirye-shiryen da yawa daga waje yake zuwa, daga shirin PEPFAR na Amurka da Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da maleriya, kuma dakatar da tallafin da Amurka ta yi a farkon 2025 ya nuna cewa wannan igiya tana iya rawa. Na biyu, kyautar a kan cutar da shirin ya tsaya a kanta take. In ciwon ya kai ga kwanciya, ko hoton ƙirji, ko gwajin ƙoda da hanta, nan katin inshora yake amfani. Ka riƙe duka biyun. Ciwon hanta nau'in B da C kuwa ba su da irin wannan gata. Gwajin ƙidayar ƙwayar cutar a jini yana da tsada, kuma ya kamata ka ji daga HMO ɗinka ko za ta biya kafin a ɗebi jinin.

Asibitin kuɗi da ke karɓar inshora

Layi gajere, wuri mai tsafta, ba yajin aiki. Don ciwon yau da kullum babu laifi. Amma asibitin kuɗi da yake da nasa likitan cututtuka masu yaɗuwa na dindindin abu ne mai wuyar samu. Abin da aka saba shi ne kwansoltan daga asibitin koyarwa ya leƙo da yamma ko ranar Asabar. Tantancewar hukumar kuma fanni-fanni ce. Asibiti yana iya zama na farko a wajenka, amma ba a amince masa ya yi aikin ƙwararru a fannin cututtukan manya ba, sai ka ga katin ya biya komai ban da ganin likitan da ka zo dominsa. Masu asibitoci sun daɗe suna kukan cewa kuɗin da ake biyan su kaɗan ne kuma yana makara. An ƙara farashin a 2025, amma al'adar ba mai inshora magani mafi araha ba ta gushe a ko'ina ba. Haɗarin da na fi tsoro a nan shi ne riƙe mara lafiya: gwajin jini na taifod da ake kira Widal ya nuna wani abu, a ɗora ruwa da allura, bayan mako biyu a sake. Widal shi kaɗai ba ya tabbatar da taifod, kuma duk allurar da aka ƙara tana rage yiwuwar a ga ƙwayar cutar idan daga baya aka zo rainon ta daga jini.

Biyan kuɗin gani ɗaya daga aljihu

Wasu sukan biya su ga kwansoltan sau ɗaya, ya duba duk takardun da suka tara, ya rubuta abin da yake zargi da gwajin da za a yi, su koma asibitinsu na inshora da takardar. Yana rage jira sosai, kuma takardar ƙwararre takan sa a ba da turawa ba gardama. Inshora ba za ta mayar maka da wannan kuɗi ba, kuma gani ɗaya ba bibiya ba ne. A tabbata likitan yana da rajista da MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista, don masu kiran kansu ƙwararrun maganin "infekshan" sun cika gari da rediyo.

| Ƙofa | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙin isa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Asibitin koyarwa | Kashi 10 na magani, sai sufuri da sayen waje | Mai kyau, fayil da ƙwararru wuri ɗaya | Da wuya, sai takarda da kod da layi | Jinkiri, yajin aiki |
| Asibitin jiha | Kaɗan | Matsakaiciya | Da sauƙi | Ƙarancin gwaji, kati ba ya fita jiha |
| Shirin kyauta | Babu, a kan cutar shirin | Mai kyau ƙwarai | Da sauƙi, ba a neman kod | Dogaro da tallafin waje |
| Asibitin kuɗi mai inshora | Kaɗan, har sai an zo ganin ƙwararre | Ya danganta da zuwan kwansoltan | Da sauƙi ƙwarai | A riƙe ka ba a gano ciwon ba |
| Gani ɗaya daga aljihu | Duka a kanka | Babu | Nan da nan | Faɗawa hannun wanda ba ƙwararre ba |

Wa ya dace da wace

Mai tarin da ya wuce mako biyu, da rama da gumin dare, ya nufi cibiyar DOTS mafi kusa gobe da safe, kada ya tsaya neman kod. Wanda gwaji ya nuna yana da HIV ya yi rajista a kilinik ɗin da zai iya zuwa shekara da shekaru ba tare da kuɗin mota ya gagare shi ba. Wanda kuma yake tsoron ko ya riga ya haɗu da cutar, ta allura ko ta fyaɗe ko wata hanya, sa'a 72 gare shi ya fara maganin kariya na kwana 28, kuma duk sa'ar da ya rage ta fi.

Mai zazzaɓin da ya ƙi jin magani makonni, ko ciwon ƙashi, ko gyambon ƙafa ga mai ciwon suga, ko mai sikila da ƙwayar cuta ke yawan kama shi, ko makiyayi da mahaucin da zazzaɓi ke zuwa yana tafiya da ciwon gaɓoɓi, asibitin koyarwa ne nasa. Ya nemi takardar turawa a rubuce, ya tafi da duk sakamakon gwajin baya da kwalayen magungunan da ya sha. In asibitinsa na farko ya yi ta jan ƙafa, ya kai ƙara ga HMO, in ba a ji ba ya tafi ofishin NHIA na jiharsa da ƙafarsa, zuwa da kai ya fi saƙo. In yana da hali, gani ɗaya daga aljihu zai gajarta masa hanya.

Mai ciwon hanta nau'in B ko C ya nemi a tura shi wajen likitan hanta da ciki, don a yawancin asibitocinmu su suke riƙe da wannan ciwo. Nau'in C yana warkewa da maganin mako 12, nau'in B kuwa ba kowa ne yake buƙatar fara magani ba, amma kowa yana buƙatar bibiya. Yaro ƙarami sashen yara za a kai shi, can nasu ƙwararrun suke.

Amai da gudawa mai tsanani, sanƙarewar wuya da zazzaɓi, maƙogwaro mai farin yaɓi da kumburin wuya, ko zazzaɓi da zubar jini a lokacin rani, musamman ga wanda ya fito daga Bauchi, Taraba, Edo ko Ondo inda zazzaɓin Lassa ya fi yawa, waɗannan ba na jiran takarda ba ne. A kai mutum sashen gaggawa na babban asibiti mafi kusa, a faɗa wa ma'aikata abin da ake zargi tun daga bakin ƙofa don su kare kansu da sauran marasa lafiya, a kuma kira lambar NCDC ta kyauta, 6232.